Yadda A Ke Sake Gilashin Ƙofar A-Kori-Kura

1. Motar ƙauye

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanya a Birnin Tsaba da sassafe, ran kasuwa, ya san a-kori-kura. Ita ce ƙaramar motar nan mai ɗaki a gaba, inda direba ke zama da mutum ɗaya ko biyu, da buɗaɗɗen baya inda a ke loda kaya. Ita ke kai gero da dawa da wake Ƙaura Namoda, ta kai awaki da tumaki Shinkafi ran Alhamis, ta komo da gishiri da manja da kwanon rufi. In haihuwa ta zo wa mace da gardama cikin dare, sau da yawa ita a ke nema ta kai ta asibiti Zurmi, ko Ƙaura, ko Gusau.

A zamanin kakanninmu jakuna da raƙuma ke wannan aiki. Sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda cikin shekarar 1929, su ke kai gyaɗa da auduga tasha. Daga baya manyan motoci suka karɓe su, sa'an nan ƙanana suka biyo. Cikin 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, waɗanda mu ke kira Fijo, a-kori-kurarsu kuwa ba lungun da ba ta shiga ba a ƙasar Hausa. Bayanta Toyota Hilux ta zo, wadda aka fara ƙerawa a Japan cikin 1968.

To, ko wace irin a-kori-kura ce, akwai abu guda a jikinta wanda mai mota ba ya tunawa da shi sai ran da ya rasa shi, watau gilashin ƙofa. Abubuwan da ke fasa shi suna da yawa. Tayar babbar mota ta kan harbo tsakuwa. Sa ya kan juyo da ƙaho sa'ad da a ke kokawar ɗora shi. Yaron mota ya kan wuce da rodi a kafaɗa bai lura ba. Ɓarawo kuma ya kan hango jaka bisa kujera. Ko wanne ne ya faru, kafin ƙiftawar ido gilashi ya zube, ya zama tsaki.

Direba sai ya duba, ya ce, "Inji lafiya, taya lafiya, wannan ai ƙaramin abu ne." Ya ɗaura leda ko kwali, ya ci gaba da neman abincinsa. Amma da hunturu ƙura ta cika masa ido da ƙirji, da damina ruwa ya jiƙa kujera, ya kwanta ƙarƙashin ƙafa, ƙarfe ya yi tsatsa. Mota ba ta kulluwa. Kwali kuma ya kare masa madubin gefe, ba ya ganin abin da ke tafe bayansa, alhali kowa ya san hanyoyin nan namu suna bukatar direba mai ido buɗe. Sabo da haka za mu nuna maka irin gilashin da ya kamata ka saya, da dalili, da yadda za ka sa shi da hannunka in ba makaniki kusa.

2. Gilashi iri uku ne

Da me a ke yin gilashi? Da yashi. A kan haɗa farin yashi mai tsabta da wani gishiri ɗan'uwan kanwa, da garin dutsen farar ƙasa, a zuba cikin tanderu, a hura wuta har zafi ya kai kamar digiri 1,500. Ka tuna ruwa a digiri 100 ya ke tafasa. A wannan zafi yashi ya kan narke, ya yi yauƙi kamar zuma. Wannan ba baƙon sani ba ne a ƙasarmu, gama Masaga na Bida sun daɗe suna narka gilashi suna yin duwatsun wuya da awarwaro. Cikin 1959 kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana dabarar malala narkakken gilashi bisa narkakkiyar kuza, irin wadda aka san Jos da ita, ya kwanta sumul kamar mai bisa ruwa. Da wannan dabara a ke yin yawancin faifan gilashi na duniya yau.

Daga wannan faifai a kan sami iri uku, ko da ya ke ido ba ya rarrabe su.

Na fari shi ne na tagar ɗaki da kabad. Shi a ke yanka da ɗan abin yanka a kasuwa. In ya fashe ya kan tsage dogo dogo, ko wane ɓalli da tsini da kaifi kamar wuƙar mahauci.

Na biyu shi ne na gaban mota. Faifai biyu ne aka manne, da wata roba garai garai a tsakaninsu. In dutse ya buge shi ya kan yi zane kamar saƙar gizo-gizo, amma ba ya zubewa, don robar ta riƙe shi. Wani Bafaranshe mai suna Édouard Bénédictus ya sami takardar mallakar wannan dabara cikin 1909.

Na uku shi ne na ƙofa, wanda za mu kira gasasshen gilashi. Shi ne in ya fashe ya kan ruguje gaba ɗaya, ya zama ƙanana ƙanana kamar tsabar masara, marasa dogon tsini. Suna iya kurje fata, amma da wuya su yanke jijiya. Masu ƙera mota da gangan suka yi shi haka, don kan mutum da hannunsa suna dab da shi kullum. Kamfanin Saint-Gobain na Faransa ya fito da irinsa cikin 1929, shekarar da jirgi ya iso Ƙaura.

3. Asirin gasasshen gilashi

Cikin 1660 wani ɗan sarauta mai suna Rupert ya kawo wa Sarkin Ingila, Charles na biyu, wani abin mamaki. Ɗigon narkakken gilashi ne da aka saki cikin ruwan sanyi, ya daskare da kai da wutsiya, kamar ɗan kwaɗo kafin ya yi ƙafafu. In ka bugi kan da guduma ba ya fashewa. Amma in ka karya bakin wutsiyar da yatsa, sai duk abin ya tarwatse, ya zama gari. Asirin wannan ɗigo shi ne asirin gilashin ƙofarka.

Ga yadda a ke yi a ma'aikata. A kan yanka gilashi daidai siffar ƙofa, a goge gefensa, a huda ramukan da a ke bukata. Sa'an nan a gasa shi har ya wuce digiri 600, a fito da shi, nan da nan a busa masa iska mai sanyi gaba da baya. Bayansa ya kan riga cikinsa hucewa, ya taurare. Da cikin ya zo hucewa sai ya tsuke, ya jawo bayan da ƙarfi, ya matse shi. Haka za su zauna har abada, ciki na ja, waje na matse.

Ka dubi damin dawa da aka ɗaure tam da igiya. Ka hau kansa, ka jefo shi daga kan amalanke, ba ya watsewa. Amma ka sa wuƙa ka yanke igiyar wuri guda, sai zangarniya ta bazu ko'ina. Haka gasasshen gilashi ya ke. Ya fi na ɗaki ƙarfi kamar sau huɗu ko biyar, amma da zarar tsaga ta ratsa bayansa ta kai ciki, shi ke nan.

Daga nan ka fahimci abu uku. Na ɗaya, ba a yanka gasasshen gilashi, ba a huda shi, ba a rage shi. Wanda ya ce zai rage maka na wata mota ya dace da taka, ko bai san aikin ba, ko ba gasasshe ne a hannunsa ba. Na biyu, rauninsa a gefe ya ke, sabo da haka ba a barin gefensa ya gogi ƙarfe ko siminti. Na uku, in haɗari ya auku ƙofa ta ƙi buɗuwa, ko mota ta faɗa ruwa, ƙarfe mai tsini a kusurwar gilashin ya isa ya ruguza shi, mutane su fita.

4. Araha ba ta ado

Na taɓa sanin wani direba wanda gilashin ƙofarsa ya fashe ran Laraba, ga shi ya riga ya karɓi lodin kasuwar Alhamis. Ya tambayi kuɗin gasasshe, ya ji ya yi masa tsada, kuma sai an aika birni. Sai ya tafi wurin wani mai yanka gilashin tagogi. Mutumin ya auna ɗaya ƙofar, ya yanka masa irinta, ya goge gefe, suka sa. Ya hau, ya sauka, yana ƙyalli. Direba ya yi murna, ya ce ya yi wayo.

Bayan 'yan makonni suna tafe da ƙanensa a kujerar gefe, yaron ya jingina hannu a ƙofa, mota ta faɗa rami. Gilashi ya tsage, wani ɓalli ya yanki yaron daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Allah ya sa asibiti ba nisa, aka ɗinke, aka tsai da jini. Amma kuɗin magani ya ninka kuɗin gilashin da aka ƙi saya, yatsu biyu na yaron kuwa ba su ƙara lanƙwasuwa ba.

Kada ka sa gilashin ɗaki a ƙofar mota ko da kyauta aka ba ka. Faifan roba mai kama da gilashi shi ma ba maganin dindindin ba ne, gama rana ta kan dusashe shi, ƙura ta kakkarce shi har ya hana gani, kuma ba ya rugujewa ran da a ke neman mafita.

5. Sayen gilashi

Kafin ka tafi kasuwa, ko ka aika, rubuta waɗannan a takarda: sunan motar, da irinta, da shekarar da aka ƙera ta, da lambar shasi wadda ke cikin takardun mota. Rubuta ko mai ƙofa biyu ce ko mai huɗu. Rubuta ko akwai ɗan ƙaramin gilashi mai kusurwa uku a gaban babban, gama wannan ya kan sake girman babban. Rubuta ko da hannu a ke murɗa shi, ko na lantarki ne.

Sa'an nan rubuta ko ƙofar hagu ce ko ta dama. Nan mutane da yawa ke kuskure. A kan lissafa hagu da dama ga wanda ke zaune cikin mota yana fuskantar gaba. Tun 1972, da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama na hanya, direba a hagu ya ke zama. Ashe ƙofar direba ita ce ta hagu. Gilashin ƙofa yana da ɗan lanƙwasa, na hagu ba ya shiga dama.

In ba a samu a Ƙaura ko Gusau ba, a kan aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna. Akwai sabo, akwai na gwanjo wanda aka ciro daga wata mota. Na gwanjo ba laifi in lafiyayye ne. Ka bi gefensa duka da yatsa a hankali. In ka ji ɓalli ko tsaga, bar shi. Ka ɗaga shi ga rana ka ga ko ya kakkarce.

Abin da ya fi duka, dubi kusurwarsa ta ƙasa. Ko wane gilashin mota na gaskiya yana da hatimi wanda ba ya goguwa. Za ka ga sunan masu yinsa, da lambobi, sau da yawa da harafin E cikin da'ira. Galibi za ka ga kalmar Tempered ko Toughened, ma'anarsu gasasshe. In ka ga Laminated, mai roba a tsakiya ke nan, gama waɗansu motocin zamani irinsa su ke da shi har a ƙofa. Ka gwada da hatimin ɗaya ƙofar taka, ka sayi irinsa. In mai kanti ya ce, "Haba maigida, duk gilashi ai gilashi ne," ka ce masa, "Gaskiyarka, Malam, amma nuna mini hatimi tukuna." Gilashin da ba hatimi, kada ka ba da ko kwabo.

Ka kuma guji baƙin gilashi. Dokar ƙasa ta 1991 ta hana sa shi a mota sai da izinin 'yan sanda. In an ɗauko maka gilashin, a naɗe shi da bargo ko kwali, a tsai da shi bisa gefensa, kada a kwantar da shi a ɗora kaya a kai.

6. Buɗe ƙofa

Kayan aikin ba su da yawa: sukudireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, da sifana ta soket, yawanci mai lamba 10, da filaya, da buroshi, da tsumma, da giris kaɗan, da ruwan sabulu, da ƙaramin kwano. Ka sa safar hannu mai kauri, da tabarau, da takalmi rufaffe. Ka tsai da mota a inuwa, wuri mai daidai, ka shimfiɗa buhu ƙarƙashin ƙofa. Ka kori yara da kaji, gama yaro zai ɗauka abin wasa ne, kaza ta ɗauka hatsi ne.

Ƙofar mota kamar akwati ta ke: ƙarfe a waje, ƙarfe a ciki, da murfi mai laushi wanda fasinja ke gani. Murfin nan za ka fara cirewa.

In ta hannu ce, tura murfin kusa da gindin hannun murɗawa, za ka hangi wata 'yar waya mai siffar ƙofaton doki tana riƙe da shi. Ka zura tsumma tsakani, ka ja shi gefe da gefe, ko ka ƙugiyo ta da lanƙwasasshiyar waya. Ka tare da tafin hannu, don ta kan yi tsalle ta ɓace. A waɗansu tsofaffin motoci sukuru ne kawai a tsakiya. In ta lantarki ce, ɓamɓaro mazaunin maɓallai a hankali, ka zare wayarsa. Ga motar zamani mai jakar iska, cire kan batir na baƙar waya kafin ka taɓa ko wace waya ta cikin ƙofa, ka dakata 'yan mintoci.

Sai ka kwance sukurori na wurin ɗora hannu, da na bayan mabuɗin ƙofa. Waɗansu suna ɓoye ƙarƙashin 'yan murafai. Ko wanne ka cire, jefa shi cikin kwano. Sa'an nan ka naɗe bakin sukudireba da tsumma, ka zura ƙarƙashin murfin daga ƙasa, ka ɓalle 'yan maɓallan roba ɗaya ɗaya. In wani wuri ya ƙi, kada ka yi ƙarfi, akwai sukurun da ka manta. Da sun saki duka, ɗaga murfin sama, ya fita.

Bayansa za ka tarar da leda manne da baƙin ƙaro. Waɗansu su kan yage ta su yar, suna cewa ba ta da amfani. Kuskure ne. Ita ke hana ruwan da ya shiga ƙofa jiƙa murfi. Ka ɓare ta sannu, ka ajiye inda ƙasa ba za ta manne wa ƙaron ba.

7. Shara

Wannan shi ne aikin da ya fi cin lokaci, shi ne kuma wanda malalaci ke tsallakewa. Tsakin gilashi ya cika gindin ƙofa, ya shiga cikin robar da gilashi ke bi, ya maƙale a haƙoran inji. In ka bar shi, ƙofa za ta riƙa kaɗa kamar caki, sabon gilashi ya kakkarce, watakila ma ya fashe.

Ka kwashe na gindin ƙofa da buroshi da ɗan kwali. In akwai injin zuƙar ƙura a gareji, ya fi. Maganaɗisu ba ya kama gilashi, kada ka wahal da kanka. Ƙananan da suka rage, jiƙaƙƙen tsumma ke ɗauke su. Ka bi cikin robar gefe da ta sama da bakin sukudireba naɗe da tsumma, daga farko har ƙarshe. A ƙarƙashin ƙofa akwai 'yan ramuka da aka bari don ruwa ya fita. Ka tsokace su da tsinke har su buɗe, gama in sun toshe ruwa zai kwanta, ƙofa ta ruɓe daga ƙasa.

Kada ka manta da kujera, da ƙarƙashinta, da ramukan iska na gaban direba. In ka gama, haƙa rami ka binne tsakin, kada ka zuba a juji inda yara ke yawo ba takalmi.

Yanzu dubi injin da ke ɗaga gilashi. Iri biyu ne: mai hannuwa kamar almakashi da faifai mai haƙora, da mai igiyar ƙarfe da ke naɗuwa a ƙaramar gargare. Ka mai da hannun murɗawa, ka juya, ka ga yana hawa yana sauka ba cijewa. In haƙora sun cinye, ko igiya ta fara tsintsinkewa, yanzu ne lokacin sakewa, tun ƙofa na buɗe. Ka goge tsohon giris, ka shafa sabo kaɗan. Robar da gilashi ke bi kuwa ba a sa mata giris ko baƙin mai, don suna cinye roba, suna tara ƙura. In ta bushe ta tsattsage, saye sabuwa.

8. Sa sabon gilashi

Ka nemi mutum guda ya taimake ka. Da farko ka juya inji har mazaunin gilashi ya zo daidai manyan ramukan da ke jikin ƙarfen ƙofa, inda sifana za ta kai ga notuna. In na lantarki ne, sai ka mai da batir da maɓalli ka kawo shi wurin, sa'an nan ka zare makulli. Kada ka taɓa sa hannu cikin ƙofa makulli na kunne, gama injin nan ya isa ya murƙushe yatsa.

Ka cire guntayen tsohon gilashi daga mazaunin. A yawancin motoci notuna biyu ke riƙe shi. A waɗansu tsofaffi kuwa gindin gilashin a cuse ya ke cikin wani ƙarfe mai kwari, da roba tsakani. In irin wannan ce, ka auna inda ƙarfen ya zauna a ɗaya ƙofar, ka sa alama a sabon gilashi, ka shafa ruwan sabulu, ka tura shi ya zauna daidai alamar. Ko ta yaya, ƙarfe tsirara kada ya taɓa gilashi.

A bakin tagar akwai robobi biyu masu gashi, na ciki da na waje, masu share gilashi. Ka ɓalle na ciki, in ya kama har na waje, don hanya ta buɗe.

Sai ka riƙe gilashi da hannu biyu, lanƙwasarsa tana bin lanƙwasar ƙofa. Ba ya shiga a miƙe. Ka karkata shi, galibi gaban ke fara nutsawa, bayan na sama. In rabinsa ya shige, ka juyo shi sannu har ya daidaita, gefen gaba ya shiga robar gaba, na baya ya shiga ta baya. Mataimakinka ya riƙe daga sama, kai ka sa hannu ta rami ka tarbe shi, ka saukar da shi bisa mazauninsa. In ya cije, kada ka danna, kada ka buga. Fito da shi, ka sake karkatawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ka ɗaura notuna da yatsa kawai tukuna. Ka murɗa gilashi ya hau har ƙarshe, don ya nemi mazauninsa cikin robar sama da kansa. Ka sauko da shi sannu, kada ya goce, sa'an nan ka ƙara ɗaure notunan da sifana, daidai wa daida. Wanda ya ɗaure da dukan ƙarfinsa ya kan ji ƙara, ya koma kasuwa.

9. Gwaji da rufewa

Kada ka mai da murfi sai ka gwada. Ka ɗaga, ka sauke, sau biyar ko shida. Ka saurara. In ka ji ƙarar yashi, da sauran tsaki cikin roba. In gilashi na hawa da kai ɗaya gaba, ko ya bar kafa a kusurwa, sassauta notuna ka gyara. Ka rufe ƙofa, ka sa a kwara ruwa daga waje, ka ga ba ya shigowa ɗaki, kuma wanda ya gangara cikin ƙofa yana fita ta ƙasa. Ka gwada makulli da mabuɗin ciki da na waje, ko ka ture wata sanda ba ka sani ba.

In duk sun yi, mai da kome bi da bi, na ƙarshen fita shi ne na farkon komawa: robobin baki, leda, wayoyi, murfi, sukurori. Ka sa 'yar wayar nan a hannun murɗawa tukuna, sa'an nan ka danna shi ya kama, yana fuskantar inda na ɗaya ƙofar ke fuskanta sa'ad da gilashi ke rufe. In kwano ya rage da sukuru, aiki bai ƙare ba. A motoci da yawa masu lantarki, bayan an cire batir gilashi ya kan manta iyakarsa. Ka ja maɓalli har ya rufe, ka riƙe shi haka 'yan daƙiƙu, sai ya tuna.

Wanda ya saba ya kan gama cikin sa'a guda. Kai da ka ke koyo, ba kanka rabin yini, kada ka fara da la'asar. In ka buɗe ka ga ƙarfen ƙofa ya lotsa, ko hanyar gilashi ta karkace, ka kai wa mai gyaran jikin mota ya miƙe ta tukuna, gama karkatacciyar ƙofa za ta fasa ko wane gilashi ka sa mata.

10. Kafin gilashi ya iso, da bayan ya zauna

In sai an kwana biyu kafin saƙo ya zo daga birni, ka rufe tagar da farar leda mai kauri wadda a ke gani ta cikinta, ka manne ta daga ciki ta miƙe sarai. Kada ka sa kwali ko baƙar leda, balle a gefen direba. Kada ka bar kuɗi ko takardun mota a ciki, kada kuma ka yi tafiyar dare.

Bayan sabo ya zauna, ka kiyaye shi. Kada ka buga ƙofa da ƙarfi gilashi na rabi, don a lokacin ba abin da ke riƙe samansa. A hanya mai gargada, ko ka rufe shi duka, ko ka sauke shi duka. Da hunturu ka riƙa wanke robobin da ruwa, gama ƙurar da ta taru cikinsu ita ke karce gilashi, ta gajiyar da inji. In ka ji hannun murɗawa ya fara nauyi, buɗe ka duba tun bai karye ba.

Wata rana wannan gilashi ma zai fashe, gama ba abin da ke dawwama a jikin mota. In ranar ta zo, ka ga ya zube tsaki tsaki bisa cinyar wanda ke zaune kusa da kai, ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ba jini, to, kada ka zagi wanda ya sayar maka. Gilashin ya yi aikin da aka yi shi dominsa. Ka gode wa Allah, ka ɗauko buroshi da kwano, ka sake buɗe wannan littafi.